Tsummokin Inna

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ɗin Inna, Allah ya jiƙanta da rahama. Baƙin Marwa da na Ngaundare sun kama hanya jiya, saura mu 'ya'yanta da Goggo. Bayan la'asar Goggo ta sa aka fito da akwatunan ƙarfe biyu da adudu tsakar gida, ta ce a gama da zancen kaya tun kanmu yana haɗe.

Mu biyar ne, maza uku mata biyu. Baba ya riga ta tun 2009, iyayenta kuma sun daɗe a ƙasa, don haka malam ya ce kashi takwas za a yi, namiji biyu mace ɗaya. Yayyena maza suka ce ba ruwansu da zane, a yi mata sadaka da nasu kason. Ƙanwata da ke aure a Kuseri ta ɗauki mayafi biyu da kaskon turaren wuta. Ni kuwa na buɗe baki na faɗi abin da na kwana arba'in ina juyawa a raina: ina so in yanka wasu zannuwan, in haɗa su in ɗinka abu guda babba wanda za a rataya a bango.

Goggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, kayan mamaci ba a sa musu almakashi. Wadda ta ɗaura zanen ita za ta yi mata addu'a. Bango zai yi mata addu'a?"

Na yi shiru, don ba ni da amsa. Yaya Babba ne ya raba gardamar, ya ce a bar kayan a ɗakina wata guda in zaɓi kasona, saura a fitar. Da dare na ɗauko sabon littafin rubutu cikin na 'yan ajina, shi ne wannan.

Laraba, 18 ga Disamba

Na ƙirga. Zannuwa 31, ɗankwali ban ƙirga ba, majanyi ɗaya, baƙin zanen saƙi ɗaya a naɗe cikin takardar siminti, faifai huɗu, tandun kwalli, sallaya, da ƙullin farin yadi wanda na san ko mene ne, ban taɓa shi ba tukuna.

Abin da ya cinye mini kwana uku shi ne karanta bakin zannuwan, inda masaƙa ke buga sunanta. Tarihin aljihun gidanmu ne a jere, ba wanda ya rubuta shi da gangan. Na ƙasan akwati duk 'yan Holan ne, na zamanin da Baba ke kai fata da goro tsakanin Garwa da Yola kuɗi na shigowa. Daga nan sai 'yan Kaduna, waɗanda ake shigowa da su ta iyaka kafin masaƙun can su mutu ɗaya bayan ɗaya. Na sama kuma kusan duk na CICAM ne, masaƙar ƙasarmu Kamaru, audugar gonakin nan namu, a kaɗa a saƙa a Garwa, a kai Duwala a buga mata ado, ta dawo mana a kasuwa. Wurin da 'yan Holan suka tsaya na san shekararsa ko ba a faɗa mini ba: Janairun 1994, da aka kwana aka tashi sefa ta zubar da rabin darajarta. Ina aji biyar lokacin. Na tuna shayin safe ya koma kunu, amma sai yau na ga abin a jikin akwatin uwata.

Na zaɓi wanda zai zauna a tsakiya: wata atamfar Holan koriya mai ruwan zinariya, turmi cikakke, ko ruwa bai taɓa gani ba. Na ce lallai wannan ita ce ta fi so, tunda ta adana ta haka.

Lahadi, 29 ga Disamba

Yafendo ta zo, ƙanwar Inna ce uwa ɗaya uba ɗaya. Na shimfiɗa mata koriyar atamfar ina ta bayanin yadda zan kewaye ta da sauran. Ta bari na gama, sannan ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ɗiyata, kin san mene ne wannan? Kayan faɗar kishiya ne. Ranar da babanku zai kawo Amarya ya aiko mata da shi. Ta karɓa ta ce an gode, ta sa a akwati. Shekara arba'in da wani abu ba ta ƙara duban sa ba."

Jikina ya yi sanyi. Saura ƙiris in ɗora baƙin cikin uwata a tsakiyar bango in kira shi abin ƙaunarta.

Yafendo ta sa hannu cikin tarin da na ware gefe, waɗanda na ce sun mutu, ta zaro wani shuɗi da ya koɗe har ya kusa zama fari, gabansa duk ƙananan huji. Ta ce wannan ne yayarta. Hujin tartsatsin wuta ne, na suyar gyaɗa. Tabon da ke cinya na mai ne, inda take goge hannu in tana matsar tunkuza. Shekara talatin Inna tana man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida, yara na kai talla bakin kasuwa, da kuɗin ne uku daga cikinmu suka gama makaranta bayan fataucin Baba ya karye.

Muka zauna har magariba tana ɗaga su ɗaya-ɗaya. Kowane yana da sunan da matan unguwa suka laƙaba masa lokacin yana yayi, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, wasu sunayen habaici ne da ba zan rubuta a nan ba. Na rubuta su a ƙarshen littafi.

Shawara ta canza. Duk mai kyau, duk wanda mace za ta iya ɗaurawa ta shiga mutane, sadaka za a yi da shi kamar yadda Goggo ta ce. Nawa tsummokin ne. Guda 12 suka rage mini, da majanyin, da baƙin saƙin. Koriyar na ba wata marainiya da za a yi wa aure bayan salla, ita ba ta san tarihinta ba, a wurinta atamfa ce mai kyau kawai.

Na aika wa Goggo cewa na bi maganarta. Ta aiko cewa rabi na bi.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Kasuwar Pitowa yau, ni da maigida a babur, hazo ya rufe ko duwatsun Tingilin ba a gani sosai. Tsummokin ba za su iya ɗaukar nauyin kansu ba, dole a yi musu shimfiɗa a baya. Tela ya ce in sayi akoko in huta. Na ƙi, na nemi farin saƙin hannu, sirara masu faɗin tafin hannu da Fulani ke kira leppi, irin wanda kafin kuɗin Bature ake ciniki da shi a ƙasar nan. Wurin tsoho ɗaya kawai na samu, kuma bai isa ba, ya ce in dawo bayan mako biyu. Girman da nake so: tsawo mita biyu, faɗi ɗaya da rabi. Haɗa siraran nan kaɗai aikin makonni ne, da hannu, don keke yana tattare su.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na yi ɓarna, kuma ba wanda zan ɗora wa.

Na daɗe ina jan ƙafa kan wanki. Zannuwan suna da ƙamshinta, turaren wuta da man gyaɗa da wani abu da ba shi da suna, in na buɗe akwatin kamar ta gifta ne. Amma asu ya fara cin biyu, kuma mai in ya daɗe a zare yana cinye shi. Na ware ɗankwali ɗaya na ƙulle a leda, ba zai ga ruwa ba har abada. Saura na jiƙa a ruwan sanyi da sabulun salo kaɗan. Kuskuren shi ne na tsoma gefen baƙin saƙin a baho ɗaya da su, wai in gwada. Kafin in juya ruwan ya koma shuni, zannuwa uku sun sha.

Da na tambaya kafin in taɓa, da Yafendo ta gaya mini abin da ta gaya mini yau da na kai mata kuka: wannan ba a wanke shi. Ɗan Kura ne, na kakarmu, da shi aka kawo ta daga ƙasar Kano. A Kura ake tsoma irinsa a karofi sau da yawa, sannan a kai mabuga a barbaɗa masa garin shuni a yi ta dukansa da itace har ya ɗauki sheƙi kamar ƙarfe. Shunin a saman zaren yake zaune, shi ya sa yake kama jikin mai sa shi, shi ya sa Buzaye masu rawani da shi fuskarsu ke yin shuɗi. Ruwa ɗaya ya kwashe sheƙin da ya yi kusan shekara tamanin, a gefen da na tsoma, faɗin taku guda.

Kakanmu bafatake ne, ya biyo hanyar da Hausawa suka daɗe suna bi zuwa Adamawa tun bayan jihadin Modibbo Adama: Kano, Bauci, Yola, sannan gabas bakin Binuwai. Ya tarar da Garwa tana tashar jiragen ruwa, da damina in kogi ya cika su hauro daga Najeriya da gishiri da yadi, su koma da gyaɗa da auduga da fata. Ya zauna. Abin da ya rage a hannunmu na wancan zuwan, in ka cire harshen da muke magana da shi, shi ne wannan zanen. Ni kuma na tsoma shi a baho.

Na yi kuka yau fiye da ranar jana'iza. Ranar jana'iza ina ta raba ruwa da tabarmi, ban samu wuri ba.

Zannuwa ukun da suka sha shuni zan yi aiki da su haka nan. Baƙin ba zan yanka shi ba. Zan naɗe shi siriri ya zama gefen sama, in sa farin ƙyalle tsakaninsa da saura don kada ya shafa musu.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Shimfiɗar leppi ta haɗu. Na baza ta a tabarma na fara jera yankuna, ina kama su da tsinke kafin ɗinki. Dokar da na kafa wa kaina: ba na yanke wurin da ya mutu in ɗauki mai kyau. Huji, tabo, mahon da ita ta yi da hannunta, su nake nema. Wani zane yana da layin laka a jiki wanda wanki bai fitar ba, na ambaliyar 2012 ne, shekarar da ruwa ya yi yawa aka saki na madatsar Lagdo, Binuwai ya shigo mana har ɗaki. Layin ma ya shiga.

Ina cikin warware wani ruwan ƙasa sai na ji abu a haɓarsa. Ƙulli ne, irin wanda take yi ta soke a ƙugu. Na wanke zanen ban lura ba. Na matsa da yatsa: ƙarfe biyu masu faɗi, kamar 'yan dala biyar-biyar, da wani abu mai tauri da nake zaton busasshen goro ne. Ƙullin nata ne, na san shi, sau biyu take zagayawa sannan ta cusa bakin ta ƙasa, mu yara ba mu taɓa iya kwance shi da sauri ba in ta aike mu ɗauko canji.

Hannunta ne ya ƙulla, kuma ba za ta ƙara ƙulla wani ba. Na kasa kwancewa.

Sai kuma wani tunani ya zo mini, har na yi dariya ni kaɗai: in kuɗi ne, ai gado ne, kashi takwas. Na kira Yaya Babba a waya na gaya masa da gaske nake, ba na son haƙƙin kowa ko na sisi. Ya yi shiru, na ji yana jan hanci, sannan ya ce, "Mun yafe miki, ni zan gaya wa sauran. Kada ki kwance." Duk da haka na bi su ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗa da bakinsa.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya yi mako, aiki sai bayan tarawihi, shi ma allura goma sha in ido ya yarda.

Yau ranar mata, gari ya cika da zanen bana. Mu malaman makaranta kusan kowace shekara sai mun ɗinka, kuma ragowar yadin Inna nake kai wa. Ba ta taɓa zuwa fareti ba, ta ce ita ranarta kullum ce, a bakin murhu. Da ragowar take rufe kwanon tunkuza. Na sami guda bakwai a adudu, kowanne da shekararsa a jiki, su kaɗai ne kayanta masu kwanan wata. Na yanko wurin shekarun da furanni, na bar hotunan matan, don a ɗakin da za a rataya abin ana salla.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafin Garwa ya kai inda yake kaiwa, ma'auni ya haura 40, gumi na ɗiga a kan aiki, allura na zamewa. Na koma yi da asuba.

Na buɗe ƙullin farin yadin. Ragowar likkafaninta ne. Da ta je hajji ta sayo shi a Makka, ta wanke da zamzam, ta dawo ta ajiye shekara da shekaru, duk wanda ya buɗe akwatin sai ta ce a kula da "kayan tafiyata". Bayan an yi mata sutura ya rage kusan kamu uku. Raina ya ba ni in yi gefen ƙasa da shi: baƙin da aka kawo kakata da shi a sama, farin da aka tafi da Inna a ƙasa. A ido abin zai yi kyau, na san zai yi.

Na je gaida Goggo na faɗa mata, da ma na san ba za ta so ba, amma ban zaci abin da za ta ce ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Akwai wanda zai mutu a unguwar nan cikin watan nan ba a da abin rufe shi. Jariri ma kamu nawa yake ci? Ke kina neman kyau, wani yana neman sutura."

Wannan karon ba rabi na bi ba. Maigida ya kai wa limamin masallacinmu washegari. Gefen ƙasa zai zauna da leppi tsirara. Sallayar ma na cire ta daga lissafi, wurin goshi da wurin gwiwa sun suɗe, a kanta nake salla yanzu, gwiwata ba ta faɗa daidai inda tata take faɗawa, ta fi ni tsawo.

Talata, 20 ga Mayu

Hutun ranar ƙasa, ba makaranta, an yi ruwa daren jiya gari ya yi sanyi. Na ɗora majanyin a tsakiya. Saƙi ne mai kauri, fari da ratsin ja, mu biyar duk da shi aka goye mu, har da jikoki uku. Tsakiyarsa, inda mazaunin yaro ke zama, ta suɗe har ana ganin haske ta ciki, bakunan biyu kuma sun murɗe saboda ɗauri. Ban miƙar da su ba. Sai da na yi masa ƙananan ɗinki sama da ɗari biyu kafin ya kwanta, kowanne a inda zaren ke da sauran ƙarfi.

'Yar autata mai shekara tara tana zare mini allura. Ta tambaye ni sunan abin, da Faransanci ta yi tambayar. Na ce majanyi. Ta maimaita sau biyu kamar baƙuwar kalma. Yaran nan Fulatanci suke yi a waje, Faransanci a makaranta, Hausa kuwa ta zama harshen aike da faɗa. Ban ga laifin kowa ba, ni ma da zanen atamfa na goye ta, ban taɓa sayen majanyi ba, to a ina za ta ji sunan? Na sa ta rubuta sunayen kayan a littafin nan da hannunta: majanyi, faifai, adudu, tandu, haɓar zane. Ta rubuta "madjagni". Na bar shi haka, na rubuta nawa a gefe.

Asabar, 14 ga Yuni

Yanki 43 sun zauna, saura kamar 15, duk a kusurwar dama. Faifai biyu na ɗinke su a gefen majanyin, biyun na mayar madafa. Ƙullin yana ƙasa ta hagu, ban danne shi da ɗinki ba, yana lilo. Na cusa busasshen ganyen darbejiya a bayan shimfiɗar saboda asu, damina ta kama.

Ranar uku ga babbar salla Iya ta zo barka da salla daga gidan ɗanta a Yelwa. Mu Iya muke ce mata, unguwa kuwa har gobe Amarya take ce mata da furfurarta. Gabana ya faɗi da ta ce a nuna mata abin da ake ta faɗi, na gode wa Allah koriyar ba ta ciki. Ta daɗe a tsaye tana bi da ido. Sai ta sa yatsa a kan wani yanki mai ɗigon rawaya, wanda na yanka wuri huɗu saboda yawan mahonsa, ta ce, "Wannan ai nawa ne."

Na ce na'am?

Ta ce shekarar ruwa, da kayan Yaya, wato Inna, suka jiƙe, ita ta ara mata, akwatinta yana kan gado bai sha ba. Ba ta mayar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ce to Iya in cire? Ta ce, "Ki cire ki ba ni me, huji? Bar shi, ita ta cinye shi." Ta zauna ta sha ruwa, ta yi wa Inna addu'a mai tsawo tana kallon bangon, har muka shafa.

Ban gaya wa Goggo wannan ba. Ta zo gidan sau biyu tun salla, a tsakar gida take zama, ba ta leƙa ɗakin ba. Jiya dai ta aiko jikanta ya tambaya ko an kwance ƙullin. Na ce a gaya mata yana nan yadda yake.

Jan zare ya ƙare, kuma sai na nemo sandar gora mai mita biyu da ba ta lanƙwashe ba. Ƙanwata ta ce za ta aiko da gefen mayafi ɗaya daga Kuseri in ta sami mai zuwa, kusurwar dama shi take jira.